Numfashi Ma Yana Da Ma'auni

(Kiɗan buɗe shiri)

Ina gaishe da iyayenmu da 'yan uwanmu na Bagudo da Ka'oje da Zagga da Kende da Bahindi, da mutanen Illo da Lolo da Tsamiya. Ina miƙa gaisuwa har tsallaken iyaka, ga waɗanda muryar nan take riska a Segbana da Madekali da Malanbil a Jamhuriyar Benin. Mai shayi, a ɗan ƙaro murya don mutanen benci su ji. Direban da ke jiran lodi, a ba ni aron kunne. Uwar gida da ke gaban murhu, ki ɗan ja da baya daga hayaƙin nan ki saurare ni, domin zancen yau har da ke a ciki.

Mu mutanen kasuwa ne tun kaka da kakanni, tun zamanin da fataken goro ke ƙetare Kwara ta Illo su nufi Gwanja. Mun san darajar awo. Shinkafa da kwano muke auna ta, albasa da buhu, mai da jarka. Kuɗi kuwa, naira ce ko sefa, sai an ƙirga sau biyu kafin a jefa aljihu. Ba wanda zai yarda a sayar masa da hatsi da ƙiyasin ido. To amma akwai wani abu da kowannenmu yake ja yana saki kusan sau 20,000 a kowace rana, kuma mafi yawanmu za mu tsufa ba a taɓa auna mana shi ba ko sau ɗaya. Numfashi nake nufi. Shirinmu na yau a kan wata cutar huhu ce da hayaƙi ke haddasawa, musamman hayaƙin taba: yadda take kama mutum, yadda ake gano ta, da yadda masana ke ƙirga yawan masu ita a cikin al'umma.

Ina da wani kawu, Allah Ya jiƙansa, ɗan dako ne a bakin kogi. Da ƙuruciyarsa buhun albasa yake saɓawa daga cikin jirgi, ya hau tudu da shi bai tsaya ba. Karan sigari kuwa ba ya rabuwa da bayan kunnensa. Yana sauke kaya zai zaro ya ƙyasta ashana. Da ya haura shekara hamsin sai tari ya zo. Kullum kafin ladan ya kira assalatu muna jiyo shi daga zaure, yana tari yana kaki har sai ƙirji ya ɗan washe. In na ce, "Sannu Kawu," sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ba komai ɗana, sanyin kogi ne." Da tafiya ta yi tafiya ya koma ɗaukar ƙananan kaya, daga baya ya bar dakon gaba ɗaya.

Tsakanin gidansa da masallaci akwai wata darbejiya. Da can wuce ta yake yi ko kallo ba ta ishe shi ba. A ƙarshe sai da ta zama masa zango. Zai tsaya a gindinta, ya sunkuya ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu, ya tsuke baki yana fitar da iska a hankali kamar mai hura kunu mai zafi, sannan ya ƙarasa sahu. Sau biyu ana kai kakinsa gwajin tarin fuka, ba a sami komai ba. Sai muka ce tsufa ne. Muka yi ta sayo maganin tari a kemis, muka yi ta jiƙe-jiƙe da turare. Sai can da jiki ya yi tsanani aka kai shi wani babban asibiti, aka ba shi wani bututu ya hura, sannan cutar ta sami suna. A ranar likita ya ce mana ƙarfin huhunsa bai kai rabin na tsaransa ba.

Na san da yawa daga cikinku yanzu wani ya faɗo muku a rai. Kusan kowace unguwa tana da irin wannan dattijo da irin wannan bishiya.

(Kiɗa)

Sunan cutar da Hausa shi ne toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa. Likitocin Najeriya suna taƙaita sunanta da haruffa huɗu, COPD. A asibitocin Benin, inda ake rubutu da Faransanci, BPCO za ku gani a takarda. Cuta ɗaya ce.

Huhun ɗan Adam kamar bishiya yake da aka kifa kanta ƙasa. Maƙogwaro shi ne gindi. Ya rabu gida biyu, rassan su yi ta rabuwa suna ƙanƙancewa har su koma sirara kamar zare. A ƙarshensu akwai 'yan mitsi-mitsin jakunkunan iska, miliyan 300 zuwa miliyan 500 a ƙirjin baligi guda. A nan ne iska mai amfani take shiga jini, gurɓatacciya kuma ta fito. A cikin rassan nan Allah Ya shimfiɗa wani irin gashi da ido ba ya gani, aikinsa shara: dare da rana yana turo ƙura da majina sama domin a kakkaɓe su.

Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kuma ɓarna biyu yake yi a wannan bishiya. Ta farko, yana kashe masu sharar nan, ya kumbura bangon rassan, ya sa su yi ta zubo da majina. Hanya ta ƙuntata, datti ya taru, sai tari da kaki kowace safiya. Ta biyu, yana cinye bangon jakunkunan iskar, ƙanana su ɓarke su haɗe su zama manya marasa ƙarfi. Ku ɗauki balan-balan ta yara: in ka hura ta ka saki, da kanta take koro iskar waje. Amma ka hura ledar shago ka saki, iskar tana nan zaune sai ka matse ta da hannu. Lafiyayyen huhu balan-balan ne. Huhun da hayaƙi ya cinye ya koma leda. Iska tana shiga, fita ce take gagara. Tsohuwar iska ta tare wuri, sabuwa ta rasa masauki. Shi ya sa mai wannan cuta yake tsuke baki in zai fitar da numfashi, shi ya sa wani ƙirjinsa yake buɗewa ya yi kamar ganga.

Abin da ya sa take yi wa mutane kwanton ɓauna shi ne, huhu yana da rara mai yawa, kuma ba ya zafi in yana lalacewa. Mutum zai yi asarar kaso mai tsoka bai sani ba, domin yana rage wa kansa aiki da kaɗan-kaɗan. Ya bar gonar nesa ya riƙe ta bayan gari. Inda yake zuwa a ƙafa ya koma hawa babur. Kowa ya ce girma ne ya zo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 wannan cuta ta kashe mutum miliyan 3 da rabi, ita ce ta huɗu a jerin abubuwan da suka fi kisa a duniya. Cikin waɗanda ta kashe kafin su cika shekara 70, kusan 9 cikin 10 mutanen ƙasashe irin namu ne, masu ƙarami da matsakaicin arziki.

A nan ne zance ya iso kan iyayenmu mata. A ƙasashen masu arziki, taba ce ke jawo fiye da kashi 70 cikin 100 na wannan cuta. A ƙasashe irin namu, rabon taba kashi 30 zuwa 40 ne. Sauran kuwa, babban kaso daga hayaƙin cikin gida yake. Ku dubi mai bandar kifi a bakin ruwa: tun hantsi tana tsugune gaban banda, tana juya kifi, idonta jajir yana hawaye, tana goge shi da gefen zane, goyo a bayanta yana shaƙar abin da take shaƙa. Ku dubi mai turara shinkafa, da mai suyar ƙuli-ƙuli, da wadda damina ta tilasta wa girki a ɗaki da ɗanyen itace ko kara. Ba ta taɓa riƙe sigari ba, amma shekara talatin tana shan hayaƙi safe da yamma. In kuma maigida mashayi ne, ya dawo ya kunna tasa a ɗakin kwana, an haɗa mata biyu. A ƙara da ƙurar sussuka da casa, da hazon hunturu, da tabon da tarin fuka ke bari a huhu ko bayan an warke.

(Kiɗa)

Masu sauraro, ga tambaya: ta yaya za a tabbatar cewa wannan cuta ce?

Haki da tari suna da iyaye da yawa. Tarin fuka yakan zo da rama, da zazzaɓin yamma, da gumin dare, wani lokaci da jini a kaki. Da gwajin kaki ake gano shi, kuma ana warkewa in an sha magani wata shida. Asma takan fara tun ƙuruciya, ta taso ta lafa, tsakanin tasowa mutum garau yake. Ciwon zuciya yana sa haki, ƙarancin jini ma haka. Ita kuwa wadda muke magana a kai, yawanci bayan shekara 40 take bayyana, ba ta tafiya ta dawo, kullum gaba take yi a hankali. Sauraron ƙirji da likita ke yi yana ba da haske, hoton ƙirji ma yana taimakawa wajen kawar da wasu cututtukan, amma ba ɗayansu da ke yanke hukunci. Mai yanke hukunci shi ne awon numfashi da wata na'ura da ake kira sifiromita.

Na'urar ba sabuwa ba ce. Wani likitan Ingila mai suna John Hutchinson ne ya fito da ita a 1846, bayan ya auna numfashin mutane fiye da 2,000. Tasa wata tukunya ce da aka kifa cikin ruwa, tana ɗagawa gwargwadon iskar da aka hura mata. Ta yau kuwa, akwai wadda ba ta wuce girman ƙaramar rediyo ba, da batir take aiki, ana iya jefa ta a jaka a hau babur da ita har ƙauye.

Ga yadda ake yi, don kada wani ya ji tsoro. Babu allura, babu ɗibar jini. Za a auna tsawonka, a tambayi shekarunka. Ka zauna a kujera ka miƙe baya. A sa maka wani ɗan maƙali a hanci don kada iska ta ɓulle ta nan. A ba ka sabon bututu ka kama da leɓɓa kam. Ma'aikaciyar za ta ce, "Baba, ku ja iska, ku ja, ku cika ƙirji." Sannan ta ce, "Ku hura da ƙarfi!" Sai ka fesar da ita gaba ɗaya kamar mai son kashe fitila daga nesa, tana ce maka, "Ku ci gaba, ku ci gaba, saura kaɗan," har kusan daƙiƙa shida ko fiye, sai ka ji babu sauran komai a ƙirji. Za a maimaita aƙalla sau uku. Daga nan a shaƙa maka maganin buɗe hanyoyin iska, ka huta kamar minti 15, a sake.

Abu biyu na'urar take lissafawa: jimillar iskar da ka fitar, da kuma wadda ta fito a daƙiƙar farko. Mai lafiyayyen huhu, in iskarsa kwano 10 ce, kusan kwano 8 ne ke fita a daƙiƙar farko. In bayan an shaƙi magani abin da ke fita bai kai kwano 7 cikin 10 ba, to hanya ta toshe. Sai kuma a gwada ƙarfinka da na tsaranka masu tsawonka, a san ko cutar tana farko-farko, ko tsaka-tsaki, ko ta yi nisa. Wanda bai daɗe da yin aikin ido ko na ciki ko na ƙirji ba, ko ya yi bugun zuciya kwanan nan, ko yana tarin jini, ya faɗa tun kafin a fara, domin akan jinkirta masa.

Likita zai tambaye ka kara nawa kake sha a rana, kuma shekara nawa. Ka faɗi gaskiya. Ya tambayi uwar gida da me take girki, a ina, tun yaushe. Kunyar likita ba ta haifar da ɗa mai ido.

(Kiɗa)

Yanzu mu zo kan ƙidaya. In ana so a san yawan masu wannan cuta a gari, ba a zuwa asibiti a buɗe rajista. Rajistar asibiti waɗanda suka iso kawai ta sani: mai kuɗin mota, da wanda jiki ya kayar. Kawuna ya yi shekaru da cutar, sunansa bai shiga littafin kowa ba. Don haka masu bincike gari suke shiga. Su jera gidaje, su fitar da wasu ta hanyar ƙuri'a, yadda ba za a ce an zaɓi marasa lafiya ko an tsallake su ba. Su nemi izinin mutanen gidan, su yi musu tambayoyi, su auna numfashin duk wanda ya kai shekara 40, mai tari da wanda yake jin garau. Kamar yadda mai sayen shinkafa yake soka buhu ta sama da tsakiya da ƙasa ya duba tafin hannunsa, haka 'yan ɗaruruwan da aka auna suke nuna halin dubbai.

Akwai wani babban bincike na duniya da ake kira BOLD, wanda ya bi wannan tsari iri ɗaya a ƙasashe da dama. Sakamakonsa na farko da ya fito a 2007, daga wurare 12, ya nuna kusan mutum 1 cikin 10 na 'yan shekara 40 zuwa sama suna da cutar a matakin da ya wuce na farko. Binciken ya zo Najeriya, aka yi shi a Ile-Ife ta Jihar Osun, ƙarƙashin Dokta Daniel Obaseki na Jami'ar Obafemi Awolowo. Sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna kashi 7.7 cikin 100, wato kusan mutum 1 cikin 13. A Benin ma an yi shi, a Seme-Kpodji, can kudu kusa da iyakar Legas. A ƙasar Yuganda kuma, wani binciken da aka yi a ƙauyukan gundumar Masindi, inda kusan kowane gida da itace yake girki, ya sami kashi 16 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 30, kuma matan ba su gaza mazan ba.

Amma ga alƙalamin da ya fi tsaya mini a rai. A 2015 masana suka tattara sakamakon wurare 44 na duniya, suka tambaya: cikin waɗanda na'ura ta nuna suna da cutar, nawa ne likita ya taɓa gaya musu? Sai aka ga fiye da 80 cikin 100 ba su sani ba. Wurin da ya fi ko'ina yawan marasa sani shi ne Ile-Ife: 98 cikin 100. Garin da ke da jami'a da asibitin koyarwa ke nan. To ina ga mai banda a Lolo, ina ga makiyayi a dajin Ka'oje?

Ife da Seme-Kpodji duk kudu ne, ƙasar damshi da kurmi. Mu a nan namu yanayin daban: ga hunturu, ga banda, ga ƙurar hanya, ga hayaƙin manyan motoci a bakin iyaka. Mudun wani gari ba ya auna hatsin wani. Sannan iyaka tana raba mana lissafi. Mutum guda zai je asibiti a Malanbil ko Kandi a wannan wata, wani watan ya je Birnin Kebbi ko Sakkwato. Takarda ɗaya da Faransanci, ɗaya da Ingilishi, kowane likita ya fara daga farko. Don haka duk takardar da aka ba ka, ta wannan tsallake ko ta wancan, ka adana ta a leda, ka riƙa tafiya da ita.

Game da ita kanta tabar, ƙidayar da gwamnatin Najeriya ta yi a 2012 ta nuna manya miliyan 4 da rabi ke amfani da ita, wato namiji 1 cikin kowane 10, mace kuwa kusan 1 cikin 100. A 2015 aka sa hannu a dokar taƙaita shan taba ta ƙasa. Dokar ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara-kara, ta hana sha a wuraren taruwar jama'a. Benin ma ta yi tata dokar a 2017. Duk da haka kowa ya san a tebur nawa ake sayar da kara ɗaya a tasha da bakin kasuwa, kuma kowa ya san sau nawa ake aiken yaro ya sayo. Da kara ɗaya ake farawa. 'Yan samari masu zaman shisha kuma su sani, ruwan da ke cikin tulun sanyaya hayaƙin kawai yake yi, ba ya wanke dafinsa.

(Kiɗa)

Wani zai ce, tunda huhun da ya lalace ba ya dawowa, mene ne amfanin sani? Amfanin babba ne, kuma bincike ne ya nuna shi. Wasu masana biyu na Ingila, Charles Fletcher da Richard Peto, sun bi ma'aikata kusan 800 a Landan suna auna numfashinsu har shekara 8, suka buga sakamakon a 1977. Sun ga cewa ƙarfin huhun kowa yana raguwa da shekaru, sannu a hankali. Na wasu mashaya kuwa gangarowa yake da gudu. Amma wanda ya daina, ko da abin da ya tafi bai dawo ba, gudun yana tsayawa, ya koma tafiyar sannu irin ta sauran mutane. Wani binciken da aka yi shekara 50 ana bin likitocin Birtaniya ya nuna mashayi yana asarar kusan shekara 10 na rayuwarsa, amma wanda ya bari yana ɗan 40 yakan tsira da kusan 9 daga ciki, ɗan 50 ya tsira da 6, ɗan 60 ma ya tsira da 3. Rai da ajali na Allah ne, kuma Shi ne Ya umarce mu da riƙon sababi.

Saboda haka, ɗan uwana mai shan taba, babu maganin da ya kai bari. Ka sa rana, ka gaya wa iyalinka da abokanka. Ka fitar da kwali da ashana daga aljihu. Kwanakin farko za ka ji ƙunci da saurin fushi da ciwon kai. Sha'awar takan taso ta yi 'yan mintoci ta kwanta, ka sha ruwa, ka yi asuwaki, ka tashi daga majalisar da ake busawa. Kai da kake kai azumi tun daga alfijir har faɗuwar rana ba ka kunna ba, ka riga ka nuna wa kanka za ka iya. In ka zame ka koma, ka sake ɗaura niyya. Mafi yawan waɗanda suka daina sai da suka gwada fiye da sau ɗaya. Cikin 'yan makonni numfashi yakan fara sauƙi, cikin watanni tari ya ragu.

Iyayenmu mata, in da hali a yi girki a fili ko a rumfa mai shan iska. A busar da itace kafin a hura. A buɗe taga a madafa. Kada a hura wuta da leda ko roba. A zauna ta inda iska ke kaɗa hayaƙi gaba, a sauke goyo a ba wani ya riƙe nesa da murhu. Maigida, in Allah Ya hore maka, murhun gas ko murhu mai rage hayaƙi ya fi maka kuɗin asibiti sauƙi.

Wanda aka riga aka gano yana da cutar, akwai taimako. Maganin shaƙa yana buɗe hanya ya rage haki. Ba ya kama jiki kamar ƙwaya, kuma ba alamar ƙarshen rayuwa ba ne kamar yadda wasu ke faɗa. Ka sa ma'aikacin lafiya ya nuna maka yadda ake shaƙarsa daidai. Kada ka kwanta, ka riƙa tattaki kullum gwargwadon ƙarfinka, domin zama yana ƙara kashe jiki. Ka ci abinci mai gina jiki. Ka guji haɗe-haɗen ƙwayoyi na kemis da na 'yan talla, da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta hana tun 2018. In kuwa numfashi ya sarƙe har ba ka iya ƙarasa magana, ko kaki ya ƙaru ya canza launi da zazzaɓi, ko leɓɓa sun yi duhu, ko ƙafafu sun kumbura, ko hankali ya fara gushewa, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Duk tarin da ya kai mako biyu, a fara da gwajin tarin fuka. Kyauta ne a asibitocin gwamnati, maganinsa ma kyauta. In an ce babu, kada a koma gida a ce shi ke nan. A nan muka yi kuskure da Kawu. Ka buɗe baki ka tambaya: "Likita, a ina zan sami awon numfashi?" Ka nemi takardar turawa zuwa babban asibiti a Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Ina kira ga hukumomin lafiya na Jihar Kebbi da su sa wannan na'ura a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, su horar da masu aiki da ita. Ina kira ga masananmu na Birnin Kebbi da Sakkwato, da takwarorinsu na Jami'ar Parakou, su haɗa kai su auna numfashin mutanen bakin iyaka, tsallake da tsallake. Iyayenmu hakimai da dagatai da limamai, ranar da masu bincike suka zo da izinin hukuma, a tantance su, sannan a buɗe musu ƙofa, a bar mata su ma a auna su. Cutar da ba a ƙirga masu ita ba, ba a ware mata magani.

Masu sauraro, a nan za mu dasa aya. Kafin mu sake haɗuwa ina roƙon kowa abu guda. Ka duba gidanku da unguwarku. In akwai dattijo ko dattijuwa da ta haura arba'in, mai tari da kaki, mai tsayawa hutu a hanyar da da can take wucewa ba haki, kada ka ce tsufa ne. Ka kama hannunta ka kai ta a auna. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara mana lafiya da zama lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)